Yadda Ake Tara Gogaggun Duwatsun Ma'adini Masu Wuyar Samu Ba Tare da An Sayi Gilashi Ba

Tambayoyi uku ne suka fi yawan zuwa a kan wannan harka: da wane dutse zan fara, ta yaya zan gane na gaske, kuma me ya sa dutsen da na saya yana ta sheƙi ya dushe cikin 'yan watanni. Amsarsu duka tana komawa wuri guda. Ɗanyen ma'adini yana fitowa daga ƙasa da kusurwoyinsa da fuskokinsa, kuma da su masana ke gane shi. Da zarar an yanke shi an goge, ya koma ƙwallo ko ƙwai ko hasumiya, waɗannan alamomi sun tafi, saura launi. Launi kuwa ba abin da ya fi shi sauƙin ƙirƙira. Shi ya sa mai tara gogaggun duwatsu ba ya barin ido shi kaɗai ya yanke masa hukunci, sai ya haɗa da sikeli da madubin ƙara girma da takarda. Ga matakan bi da bi.

1. Tsayar da abin da za ka tara

Wanda ya shiga harkar ba da tsari ba, kafin shekara ta zagayo zai tarar da kantarsa cike da tarkacen duwatsu masu kama da juna, babu ko ɗaya da zai ɗaga ya nuna wa baƙo. Ka zaɓi layi guda: ko siffa ɗaya, misali ƙwallaye masu faɗin santimita 5 zuwa 6, ko dangi ɗaya kamar ma'adinan jan ƙarfe, ko kuma duwatsun da ake samu a wuri ɗaya tak a duniya. Wannan na ƙarshe shi ne ainihin "mai wuyar samu". Larima, shuɗi mai kama da ruwan teku, daga yankin Barahona na Jamhuriyar Dominika kawai yake fitowa. Carowayit mai launin makuba da zane kamar an juya siliki, daga tsaunin Murun a Saiberiya ta Rasha. Sugilayit mai kyan da ake gogewa, mafi yawansa daga mahaƙar Wessels a Afirka ta Kudu. Lafis lazuli mafi daraja daga Sar-i Sang a lardin Badakshan na Afganistan, malakayit na kasuwar yau daga yankin Katanga na Kwango, rodokurosayit mai jan zane daga Ajantina.

Sannan ka raba tun yanzu: wanne ne na kallo, wanne ne na riƙewa a hannu kullum. Ba kowane dutse ne ke jure biyun ba.

2. Sayi kayan aiki kafin dutse

Madubin ƙara girma mai ninki 10, irin na masu sayar da gwal. Sikelin lantarki biyu: ƙarami mai auna har 0.01 na giram, da babba da zai ɗauki kilo 3 zuwa 5. Ƙaramar tocila mai farin haske, da wata mai hasken UV (wani haske da ido ba ya gani, amma yana sa wasu abubuwa su yi ƙyalli a duhu) ta nanomita 365. Awon faɗi mai baki biyu. Auduga mai tsinke, da ruwan asiton, wato wanda ake cire jan farce da shi, amma marar launi marar mai. Siririn zare, kofin roba, tsumma mai laushi, buroshin fenti sabo, da littafi.

Gargaɗi: kada ka haska tocilar UV a ido, naka ko na wani, kuma kada ka bar ta inda yara za su ɗauka.

3. Haddace tauri

Ma'aunin da Friedrich Mohs ya tsara a 1812 yana daga 1 zuwa 10, kowane dutse yana karce na ƙasa da shi. Ba sai ka haddace duka ba, amma waɗannan kam dole: selenayit 2, kalsayit 3, malakayit da rodokurosayit 3.5 zuwa 4, fulorayit 4, larima 4.5 zuwa 5, lafis lazuli 5 zuwa 5.5, labradorayit 6 zuwa 6.5, kwaz da danginsa (ametis, aƙiƙ, jasfa) 6.5 zuwa 7. Farcen mutum kusan 2.5 ne, gilashin taga da wuƙar ƙarfe kusan 5.5.

Amfanin wannan lissafi ya wuce gwaji. Ƙurar da ke sauka a ɗaki tana ɗauke da ɓurɓushin yashi, yashi kuwa kwaz ne mai tauri 7. Ke nan duk dutsen da bai kai 7 ba, in ka dirje shi da busasshen tsumma alhali da ƙura a kansa, kana goge shi ne da sanfefa ba ka sani ba. Yawancin sheƙin da ke dushewa a nan yake tafiya.

4. Fahimci inda kuɗin yake shiga

Ana sayar da gogaggen dutse ne bisa nauyi, giram ko kilo, sai a ɗora ingancin launi da aikin guga. Abu biyu ne ke ba sababbin shiga mamaki. Na farko, nauyin ƙwallo ba ya bin faɗinsa kai tsaye: in faɗi ya ninka biyu, nauyi yana ninka takwas. Ƙwallon kwaz mai faɗin santimita 5 yana kai giram 173 ko kusa da haka, na santimita 10 kuwa kusan kilo 1.4. Na biyu, idan aka fitar da ƙwallo daga dunƙule mai kusurwa huɗu, abin da zai saura bai wuce kashi 52 cikin 100 ba, sauran ya tafi a yanka da ƙura. Wannan asarar kai za ka biya, shi ya sa ƙwallo ya fi falle ko dutsen tafin hannu tsada ko da nauyinsu ɗaya.

Ka ɗora kuɗin aikowa, wanda shi ma nauyi yake bi, da harajin kwastan in daga wata ƙasa ne, da mazaunin dutsen, da kabad. Wanda ya zuba duk kuɗinsa a dutse ya rasa na wurin ajiya, ya fara da asara.

Gargaɗi: alamar "AAA" ko "AAAAA" da ake liƙa wa waɗannan duwatsu ba wata hukuma ce ta tsara ta ba, kowane mai sayarwa shi ke ba kayansa maki. Kada ka biya kuɗin haruffa. Kuma dutse ɗaya mai kyau ya fi biyar masu dama-dama, domin masu dama-daman nan ba ka iya sayar da su in ka gaji da su.

5. Yi wa mai sayarwa tambayoyi

Tambayoyi biyar, kuma a rubuce: menene sunan ma'adinin na ilimi, daga wace ƙasa da wace mahaƙa, an rina shi ko an gasa shi ko an cika shi da ƙaro, nawa ne nauyinsa da faɗinsa, kuma ana karɓar kaya in an mayar. Batun suna yana da muhimmanci don kasuwa cike take da sunayen talla masu daɗin ji da aka laƙaba wa kwaz ko kalsayit na yau da kullum don a ninka kuɗinsa. In an ba ka suna, ka duba shi a rumbun Mindat na intanet, wanda ke jera ma'adinai da wuraren da ake samunsu. Duk wanda ya ce maka larimarsa daga wata ƙasa take ba Dominika ba, ka riƙe kuɗinka.

In daga nesa za ka saya, ka nemi bidiyon ainihin dutsen da za a aiko maka, busasshe, a hasken rana, ana juya shi a hannu. Jiƙaƙƙen dutse ko wanda aka shafa wa mai yana ɓoye karce da tsaga, launinsa kuma ya ƙara zurfi. Manyan dillalai sukan haɗu a bajekolin Tucson ta Amurka a farkon shekara, da na Munich a Jamus a watan Oktoba, don haka mai sayarwa na ƙwarai yakan iya gaya maka hannun da kayansa suka biyo. Don dutse mai tsada sosai, rahoton ɗakin gwaji irin na GIA, cibiyar nazarin duwatsu masu daraja ta Amurka, ya cancanci kuɗinsa. Katin "shaida" da shagon da kansa ya buga kuwa, takarda ce kawai.

6. Gwada shi ranar da ya iso

A nan ake raba aya da tsakuwa, kuma tsarin yana da dalili: ana farawa da gwajin da ba ya taɓa lafiyar dutse.

Fara da taɓawa. Ɗora shi a kunci. Dutse yana da sanyi kuma yana jinkirin ɗaukar ɗumin jiki, roba da ƙaro kuwa nan da nan suke ɗumi. Gilashi yana tsakiya, don haka wannan alama ce kawai, ba hukunci ba.

Sai madubi. Riƙe shi dab da idonka, ka matso da dutsen har hoton ya fito, tocila tana haskawa daga gefe ko daga baya. Ƙananan kumfa zagayayyu kamar na cikin kwalba, ko layukan da suka yi kamar an juya narkakken abu, gilashi ne. Abin da ake sayarwa da sunan ofalayit, mai shuɗin madara, da "dutsen zinari" mai ƙyalƙyalin jan ƙarfe a jere daidai, da jan kwaz mai gajimaren launi a ciki da ake kira ceri, dukkansu gilashin masana'anta ne. Ba laifi ba ne mallakarsu, laifin a sayar maka da su a matsayin ma'adini. Duba tsagogi kuma: in launi ya taru ya yi duhu a cikin tsaga ko a bakin rami, an rina dutsen. Haka ake mayar da farin hawlayit ya zama fairuz na bogi, haka ake yi wa aƙiƙ mai shuɗi ko ruwan hoda mai tsananin haske.

Malakayit na gaske zanensa kore ne a kan kore, daga mai haske zuwa mai duhu, layukan suna lanƙwasa suna siranta suna kauri, wani wuri su yi da'ira kamar ido. Na jabu yana da baƙaƙen layuka masu kaifi, launuka uku ko huɗu kawai suna maimaita kansu. Lafis na gaske yakan nuna ɗigon fayirayit mai ruwan gwal a warwatse ba bisa tsari ba, da ɗan farin kalsayit. Sitirin mai ruwan lemo ƙonanne da farin gindi, ametis ne aka gasa, na asali launinsa rawaya ce mai sanyi, wani lokaci da ɗan hayaƙi.

Ƙwallon kwaz garai yana da nasa gwajin. Ja siririn layi a farar takarda, ɗora ƙwallon a kai, ka duba ta cikinsa kana juya shi a hankali. A kwaz na gaske layin zai rabu biyu a mafi yawan kusurwoyi, a gilashi kuwa ɗaya zai tsaya duk yadda ka juya.

Sai gwajin da ya fi kowanne kama ɓarawo, wato nauyin dutse a kan nauyin ruwa. Auna dutsen a bushe ka rubuta. Ɗora kofin ruwa a sikeli ka mayar da shi sifili. Ɗaure dutsen da zare, ka sauke shi cikin ruwan har ya nutse gaba ɗaya, kana riƙe da zaren, kada ya taɓa gindi ko gefen kofin. Rubuta abin da sikeli ya nuna. Raba na farko da na biyu. Misali dutse mai giram 152 da ya nuna 40 a ruwa, amsarsa 3.8 ce, wanda ya dace da malakayit, domin nasa yana tsakanin 3.6 da 4.0. In amsar ta faɗo ƙasa da 3, ba shi ba ne. Kwaz 2.65, fulorayit kusan 3.18, rodokurosayit kusan 3.6, lafis da larima 2.7 zuwa 2.9. Kuskuren da aka fi yi: kumfar iska ta maƙale a jikin dutsen, ko zaren ya yi kauri, sai lissafi ya karkace. Girgiza shi kaɗan a cikin ruwan, kuma ka maimaita sau uku.

Gargaɗi: kada ka yi wa selenayit ko dutsen gishiri ko fayirayit wannan gwaji. Sauran ma, daƙiƙu kaɗan ne, ka tsame ka busar.

Kashe fitila ka haska UV. Gam da ƙaron da aka cike tsaga da su sau da yawa sukan yi haske daban da na jikin dutsen, sai ka ga layin gyara ya fito fili. Daga ƙarshe, a gindin dutsen inda ba a gani, goga auduga mai ɗan asiton na daƙiƙa goma. In ta ɗauko launi, rini ne. Gwajin karce shi ne na ƙarshen ƙarshe, kuma gara a bar shi: ya ɓata guga, ya kuma hana ka mayar da kayan.

7. Rubuta masa takarda

Ba kowane dutse lamba. Rubuta ta a ɗan ƙaramin farin liƙi a gindinsa, sannan a littafi ka sa suna, ƙasa da mahaƙa, nauyi, faɗi, ranar saye, wanda ya sayar, abin da ka biya, sakamakon gwaji, da duk wani gyara da aka yi masa. Ɗauki hoto da lambar a gefe. Tsohuwar takardar da ta zo da dutsen kada ka yar da ita ko ta yage, domin wurin masu tarawa dutsen da aka san asalinsa ya fi wanda ba a sani ba daraja nesa ba kusa ba. Ƙwaƙwalwa kuwa tana riƙe duwatsu goma, ba ta riƙe hamsin.

8. Tsaftacewa

Kaɗe ƙura da buroshi mai laushi tukuna, sannan tsumma. Kwaz da aƙiƙ da jasfa suna jure ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗigon sabulu marar ƙarfi. Malakayit, rodokurosayit, kalsayit da lafis, tsumma mai ɗan laima ya ishe su, a busar nan take. Selenayit buroshi kawai.

Gargaɗi: duk wani abu mai tsami, ruwan lemon tsami ne ko ruwan khal, yana cin malakayit da rodokurosayit da kalsayit, sheƙin ya tafi cikin mintuna. Ruwan zafi bayan sanyi yana tsaga fulorayit da kwaz. Kuma kada ka ce za ka gyara karce da sanfefa a bushe: ƙurar kwaz tana lalata huhu, ta malakayit tana da guba. Mai gyaran duwatsu da ruwa yake aikinsa saboda wannan dalili.

9. Jera su

Kabad mai ƙofar gilashi, nesa da taga. Rana tana kashe launin ametis da kwaz mai ruwan hoda da fulorayit da kunzayit a hankali, kuma launin da ya tafi ba ya dawowa. Fitilar LED mai farin haske, tsakanin Kelbin 4000 da 5000 (ma'aunin launin hasken fitila), ita ta fi, don ba ta zafi kuma ba ta canza launi.

Gargaɗi: ƙwallo garai, na kwaz ne ko na gilashi, yana tara hasken rana wuri guda kamar madubin ƙara girma. Yana iya ƙona labule ko katako ko takarda. In ba makawa sai ya zauna inda rana ke shiga, rufe shi da ƙyalle mai kauri.

Kowane ƙwallo da mazauninsa, na katako ko roba. In na ƙarfe ne, a sa masa ɗan ƙyalle, in ba haka ba zai zana wa dutse mai laushi zobe a gindi. Hasumiya a kafe ta da ɗan ƙullin danƙon da gidajen tarihi ke amfani da shi. Bar tazarar yatsu biyu tsakanin dutse da dutse, masu nauyi a kantar ƙasa: ƙwallon malakayit na santimita 10 ya kusa kilo 2, biyar irinsa a kantar gilashi siririya neman magana ne.

Labradorayit yana son a ɓata masa lokaci. Ta wata fuskar toka-toka ne kamar dutsen bakin hanya, ka ɗan karkata shi sai shuɗi da kore da ruwan gwal su tashi kamar fiffiken malam-buɗe-littafi. Kunna fitilar kabad ɗin, tsaya inda mai kallo zai tsaya, ka yi ta juya shi har wutar ta kama, sannan ka kafe shi a haka.

Fayirayit abokin gabarsa laima. In danshin iska ya wuce kashi 60 cikin 100 yakan fara ruɓewa: farin gari a jiki, warin farar wuta, takardar da ke ƙarƙashinsa ta ƙone ta yi ruwan ƙasa saboda asid ɗin da yake fitarwa. Sa ƙunshin silika mai shan danshi da ƙaramin ma'aunin laima a kabad, ka riƙe shi ƙasa da kashi 50. Wanda ya fara ruɓewa a ware shi nan take.

10. Duwatsun da ake riƙewa don natsuwa

Mutane sun bambanta a nan. Wani yana riƙe dutse a tafin hannu lokacin da yake son tattara hankalinsa, wani carbi ko zobe yake so, wani kallon zanen da ke ciki kawai ke sa shi tunanin halitta. Abin da mutum zai ƙudurta a ransa game da dutse, tsakaninsa ne da aƙidarsa da malaman da ya yarda da su. Abin da ya shafi jiki kuwa a bayyane yake: babu binciken likitanci da ya tabbatar dutse yana warkar da cuta, don haka duk mai sayarwar da ya ce a ajiye magani a rungumi dutsensa, a guje shi.

Na riƙewa kullum ya zama mai tauri 6.5 zuwa sama: aƙiƙ, jasfa, kwaz, ametis. Gumi da turare da man shafawa suna shiga jikin fairuz da malakayit da lafis, su canza musu launi. Carbin dutse mai laushi kuwa ƙwayoyinsa ke cin junansu. Duba ramin kowace ƙwaya da madubi, in bakinsa na da kaifi zai yanke zaren.

Hanyoyin "wanke" dutse da ake yaɗawa su ne suka fi kashe duwatsu. Kwana a ruwan gishiri yana cinye selenayit, ya sa fayirayit tsatsa, gishirin kuma ya shiga tsaga ya bushe ya buɗa ta. Shanya a rana ta kashe launi. Hayaƙi na kusa yana barin baƙi a dutse mai ƙofofi. Binnewa a ƙasa karce ne kawai. Wanda yake son yin wani abu na alama, ya tsaya a kan shafawa da tsumma mai tsabta da ajiye dutsen a jakarsa shi kaɗai.

Gargaɗi mafi girma: kada a jiƙa dutse a ruwan sha. Sinaba tana ɗauke da zaiba, galena dalma ce, riyalga da ofimen arsenik ne, malakayit jan ƙarfe. Jasfar nan mai rawaya da baƙi da ake kawowa daga Indonesiya, wadda ake wa laƙabi da sunan ƙudan zuma saboda zanenta, ita ma akwai arsenik a cikinta. Rinannen dutse kuma ba ka san da me aka rina shi ba. Irin waɗannan na bayan gilashi ne, a kulle, a wanke hannu bayan an taɓa su, kuma ƙananan duwatsu kowane iri ne kada su zauna inda yaro mai rarrafe zai kai hannu.

11. Duba na lokaci-lokaci

Sau ɗaya a wata uku, buɗe kabad ka bi su da littafi a hannu. Kwatanta launi da hoton ranar farko, duba liƙin lamba bai ɓalle ba, shinshina wajen fayirayit, duba ma'aunin laima. Silikar da ta ƙoshi da danshi ana gasa ta a tanda a zafin digiri 120 na awa biyu ta koma aiki. In za a kai dutse wani wuri, a naɗe kowanne daban da takarda mai laushi sannan ledar kumfa, kada auduga ta taɓa mai tsaga don zarenta yana maƙalewa, kuma a cike akwatin yadda in an girgiza ba za a ji motsin komai ba.